Hargitsi da Sihirin Shaiɗanu a Adabin Almara na Zamani: Asalin Haɗuwarsu da Abin da Ta Haifar

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin yadda adabin almara na Turai da Amurka, tare da wasannin da suka tsiro daga gare shi, ya ɗauki hargitsi a matsayin ƙarfi mai zaman kansa da ke ja-in-ja da tsari a kan halitta, ya kuma mai da shi mahaifar shaiɗanu da sihirinsu. Abin da take son tabbatarwa shi ne haɗin nan bai daɗe ba. Hargitsin da ke cikin hikayoyin mutanen dauri ba ya ciniki da kowa, shaiɗanun littattafan matsafan Turai kuwa masu sarauta ne da muƙamai da takardar yarjejeniya. Marubuta sun haɗa su ne don su sami abin da ɗan Adam zai iya amsa wa da bakinsa, har a kama shi da laifin amsawar. An ɗauko misalai daga Milton da Anderson da Moorcock, da wasannin Dungeons & Dragons da Warhammer da Warcraft.

1.0 Gabatarwa



Abin da nake nufi da adabin almara na zamani shi ne labaran da marubuci ke ƙago duniya sukutum, da taswirarta da tarihinta da allolinta na ƙage, ya zuba jarumai da matsafa a ciki. Wanda ya saba da irin waɗannan littattafai, ko wasannin kwamfuta da ke kwaikwayonsu, ya san wani zubi da suke yawan maimaitawa. Halitta ta rabu gida biyu, Tsari da Hargitsi. Daga ɓangaren Hargitsi shaiɗanu ke fitowa, kuma duk matsafin da ya ɗebi ƙarfi daga can zai sami abin da yake nema da gaggawa, sannan jikinsa da hankalinsa su soma lalacewa. An maimaita zubin har masu karatu suna ɗaukar sa tsohon gado ne daga hikayoyin Girka ko Babila.

Bin tarihin rubuce-rubucen ya nuna akasin haka. Igiyoyi biyu ne da suka yi ɗaruruwan shekaru kowace na tafiyarta, aka zo aka tufka su wuri guda, mafi yawan tufkar kuma an yi ta ne tsakanin 1953 da 1990. Na damu da batun saboda yaranmu suna kallon finafinan nan, suna buga wasannin a waya, wasu kuma sun fara rubuta nasu labaran da Hausa. Wanda zai ari kayan aiki ya kamata ya san inda aka ƙera shi da abin da yake iya ɓatawa.

2.0 Hargitsin farko

A waƙar Hesiod mai suna Theogony, wadda aka tsara wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hargitsi ne farkon abin da ya wanzu, sannan Ƙasa ta biyo baya. Wani wawakeken sarari ne, kuma daga gare shi Duhu da Dare suka fito. Bai ƙulla wa kowa sharri ba, bai nemi a bauta masa ba. Bayan ƙarni bakwai, mawaƙin Rum Ovid ya buɗe Metamorphoses da wani hargitsin dabam: curin kayan halitta a cakuɗe, zafi na faɗa da sanyi, danshi na faɗa da bushewa, har aka zo aka raba kowane aka ajiye shi a muhallinsa. A nan ma ɗanyen kaya ne da ke jiran magini.

Hikayar Babila, Enuma Elish, ta fi kusa da abin da marubutan yau ke so, domin akwai yaƙi a cikinta. An rubuta ta a alluna bakwai na yumɓu, an tono kwafinta a ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal a Nineba, George Smith kuma ya fitar da ita ga masu karatun Ingila a 1876. Tiamat, ruwan teku, ta haifi alloli tare da Apsu, ruwan daɗi. Hayaniyar 'ya'yan ta hana Apsu barci, ya yi niyyar hallaka su, ita kuwa ta ƙi. Sai bayan an kashe mijinta ta tayar da dodanni goma sha ɗaya ta fito yaƙi. Marduk, ɗaya daga cikin allolin, ya kashe ta, ya tsaga gawarta biyu, ya yi sama da rabi, ya yi ƙasa da rabi, kogunan Dijla da Furat suka ɓuɓɓugo daga idanunta. Masanin Jamus Hermann Gunkel, a littafinsa na 1895, shi ya yayata karanta irin wannan labari a matsayin yaƙi da hargitsi. Amma a lura, wadda ake kira hargitsin uwa ce da aka fusata, kuma da namanta aka gina duniyar da kowa ke zaune a ciki.

Misirawan dauri ne kaɗai a cikin waɗannan suka ba hargitsi fuskar abokin gaba na dindindin. Suna da Ma'at, wato daidaito da gaskiya, da kishiyarta Isfet. Macijin Apofis yana tare jirgin ruwan allansu Ra kowane dare a ƙarƙashin ƙasa, a fatattake shi, gobe ya dawo. Takardar Bremner-Rhind da ke gidan tarihi na Birtaniya ta bayyana yadda malaman tsafinsu ke ƙera siffarsa da kakin zuma, su tofa mata yawu, su tattake, su ƙone. Duk da haka ba a bauta wa Apofis, ba a kuma zuwa wurinsa neman mulki ko dukiya. Ana tsine masa ne kawai. Ruwan farko kuwa, Nun, wanda komai ya fito daga cikinsa, Misirawa ba su ɗauke shi mugu ba.

3.0 Shaiɗanun da ke da fada

Igiya ta biyu ta fito daga littattafan tsafi na Turai. A 1577 wani likita mai suna Johann Weyer, wanda ya yi suna wajen adawa da ƙona matan da ake zargi da maita, ya liƙa wa littafinsa wani rataye mai suna Pseudomonarchia Daemonum, inda ya jera shaiɗanu 69. Littafin da ake kira Ƙaramin Mabuɗin Sulaimanu, na ƙarni na 17, ya kai su 72. Wanda ya duba jerin zai ga fada ce sosai. Akwai sarakuna, akwai hakimai, akwai shugabanni da barade. Na farkonsu, Bael, sarki ne mai runduna 66. Kowane yana da hatiminsa, da ƙarfen da za a zana hatimin a kai gwargwadon muƙaminsa, na sarakuna a zinariya. Kowane muƙami da sa'o'in da ake kiran mai shi. Matsafin zai tsaya cikin da'irar da ya zana, a tilasta wa wanda aka kira ya bayyana cikin wani zane mai kusurwa uku a waje da da'irar, kuma idan an gama sai an sallame shi da lafazin sallama. Kuskuren harafi guda na iya jawo halaka. Fanni ne mai tsananin son ƙa'ida.

Labarin Faust ya ƙara wa fadar takarda. A littafin da Johann Spies ya buga a Frankfurt a 1587, malamin ya sayar da ransa a kan hidimar shekara 24. Christopher Marlowe ya mai da labarin wasan kwaikwayo, kuma a nan akwai wurin da ya cancanci a tsaya. Faustus ya yanki hannunsa zai rubuta yarjejeniyar da jininsa, sai jinin ya daskare ya ƙi gudu. Shaiɗanin, Mephistopheles, bai yi tsawa ba, bai tilasta shi ba. Fita ya yi ya ɗebo garwashi, aka ɗumama jinin ya narke, Faustus ya ƙarasa rubutun da hannunsa. Jikin mutumin ya ƙi, an ba shi damar janyewa, ya ƙi janyewa. Shaiɗanin yana bukatar sa hannun domin ba shi da iko a kan wanda bai yarda ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kashin bayan duk labaran yarjejeniya ke nan.

To ga igiyoyin biyu. Ɗaya tana da girman da ya kai faɗin halitta amma ba ta da bakin yin alkawari. Ambaliya ba ta sallama a ƙofar gida ta nemi izinin mai gida, saboda haka ba a tuhumar wanda ta ci. Ɗayar tana da baki da alkawari da laifi, amma duniyarta ƙarama ce, ɗakin malami ɗaya da ransa ɗaya.

4.0 Ganawar farko

A saninmu na masu nazarin wannan adabi, wurin da aka fi komawa a ga ɓangarorin biyu fuska da fuska shi ne Paradise Lost na John Milton, wanda ya fito a 1667. A littafi na biyu, Shaiɗan ya fita daga ƙofar wuta zai nemi sabuwar duniyar da aka halitta, dole ya ratsa ƙasar Hargitsi. Ya sha wuya ƙwarai, ya faɗa rami mai zurfi, ya yi iyo, ya yi rarrafe, har ya iso gaban karagar Hargitsi da abokiyar mulkinsa Dare. Tsohon sarkin ya yi masa kukan cewa ana ta cin iyakarsa, an yanki wani yanki an yi wuta, an yanki wani an yi duniya. Shaiɗan ya yi masa alkawarin mayar masa da abin da aka ƙwace in ya nuna masa hanya, shi kuwa ya nuna.

Ciniki ne tsakanin baƙo da mai masauki, kowa da bukatarsa. Shaiɗan ba ɗan ƙasar ba ne, kuma can gaba a littafi na goma, da Zunubi da Mutuwa suka gina gada a kan ƙasar Hargitsi don sauƙaƙa zirga-zirga tsakanin wuta da duniya, an sake cin iyakar tsohon ne. Milton bai haɗe su ba, amma ya zaunar da Hargitsi a kan karaga ya ba shi harshe, kuma wanda ke da harshe ana iya ƙulla magana da shi.

A farkon ƙarni na 20, H. P. Lovecraft ya bi wata hanyar. Azathoth nasa makaho ne marar hankali da ke tsakiyar hargitsin halitta, sai ya ba shi manzo, Nyarlathotep, mai yawo cikin mutane da siffofi barkatai. Ko shi ya ga cewa abin da ba shi da hankali yana bukatar ɗan aike kafin labari ya motsa.

5.0 Anderson da Moorcock

Poul Anderson ya karanta kimiyyar fiziya a Jami'ar Minnesota. Gajeren zubin Three Hearts and Three Lions ya fito a mujalla a 1953, cikakken littafin a 1961. Jaruminsa Holger Carlsen injiniya ne ɗan Danmak da ke yaƙar 'yan Nazi, ya farka a wata duniyar da Doka ke fafatawa da Hargitsi. Mutane mafi yawa suna bayan Doka, mutanen ɓoye da dodanni da matsafa suna bayan Hargitsi. Da yake injiniya ne, Holger ya fahimci rikicin ta hanyar ƙa'idar kimiyya da ke cewa duk abin da aka bari ba kulawa yana gangarawa zuwa watsewa. Anderson ne ya mai da hargitsi sansanin yaƙi da ake shiga ko a fita. Sai dai a wurinsa lissafin mai sauƙi ne, Doka ce alheri.

Michael Moorcock, wanda aka haifa a Landan a 1939, ya amsa cewa ya ɗauki rabon nan daga Anderson, amma ya juya shi. Labarin Elric na farko, The Dreaming City, ya fito a mujallar Science Fantasy a 1961, Stormbringer a 1965, Elric of Melniboné a 1972. A duniyarsa, in Hargitsi ya yi rinjaye komai zai narke, ba siffar da za ta tsaya daƙiƙa biyu. In Doka ta yi rinjaye komai zai daskare, ba abin da zai sake tsirowa. A saman su biyun akwai Ma'auni. Moorcock ne kuma ya zana wa Hargitsi alamar kibau takwas masu fita daga tsakiya zuwa kowace fuska, ya ba Doka kibiya ɗaya miƙaƙƙiya.

Elric zabiya ne, sarki na 428 a daular Melniboné, mai raunin jiki, ba ya iya tsayuwa sai da magunguna. Kakanninsa sun yi shekara dubu goma suna mulki da taimakon Sarakunan Hargitsi. Da ɗan'uwansa Yyrkoon ya sace masoyiyarsa Cymoril ya ɓoye ta inda ba a iya ganowa, Elric ya yi abin da ya daɗe yana gudu, ya kira Arioch, ɗaya daga Sarakunan Hargitsi. Yadda Moorcock ya nuna zuwan ya isa a lura da shi. Bayan doguwar wahalar kira, abin da ya fara bayyana ƙuda ne yana shawagi a ɗakin. Daga nan sai ga kyakkyawan saurayi mai taushin murya da tsofaffin idanu. Bai ba da taimako ba sai da Elric ya yi rantsuwar yi masa bauta. Ga Mephistopheles ya dawo, amma yanzu ba daga wuta ya zo ba, wakilin ɗaya daga ƙarfi biyu ne da ke riƙe da halitta. Sunan Arioch ma yana cikin jerin mala'ikun da suka yi tawaye a waƙar Milton.

A nan igiyoyin suka tufku, kuma a ganina ba a sake tufka su da kyau kamar haka ba. Dalili shi ne Moorcock bai ɓoye farashin ba, bai kuma bar wani ya biya a bayan fage ba. Takobin Stormbringer yana shan ran wanda ya sara ya zuba wa Elric ƙarfi, kuma ya fi son ran makusanta. Cymoril da aka shiga yarjejeniyar dominta a bakin takobin ta mutu. Matarsa Zarozinia, bayan Hargitsi ya narkar da jikinta ya bar mata fuskarta kawai, ita ta jefa kanta a kansa. Amininsa Moonglum ya ba da ransa don Elric ya sami ƙarfin busa ƙahon da zai rufe tsohuwar duniya. A ƙarshe takobin ya juyo kan mai shi. Elric ya yaƙi Hargitsi da makamin Hargitsi, ya yi nasara, kuma ba wanda ya rage a cikin waɗanda ya so ya tsirar. Mai karatu ba zai ce ƙaddara ce kawai ba, domin ya ga lokutan da Elric ya sami damar yar da takobin ya sake ɗauka.

Roger Zelazny a jerin Amber, daga 1970, da L. E. Modesitt a The Magic of Recluce na 1991, sun ci gaba da rabon Tsari da Hargitsi ba tare da dogaro da shaiɗanu ba. Modesitt har ya ba tsari baƙin launi, hargitsi fari. Wannan reshe bai yi rinjaye ba. Wasanni ne suka zaɓi wanda zai yaɗu.

6.0 Da aka mai da hargitsi wasa

Wasa yana bukatar ƙa'ida da lamba, kuma a nan abin ya fara cin karo da kansa. Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson ya fito a 1974 da ɓangarori uku da ɗan wasa zai zaɓa wa jaruminsa: Doka, Tsaka-tsaki, Hargitsi. Zuwa 1978 an ƙara ma'auni na biyu, na kirki da mugunta, gidajen suka zama tara. Wannan gyara ne mai hankali, domin ya ba da damar a sami ɗan hargitsi mai kirki da ɗan doka mugu. Har miyagun ruhohin an raba su biyu: masu hargitsi a Rami marar iyaka, masu doka a Wuta mai hawa tara, kuma a littattafan shekarun 1990 aka sa su yaƙin da ba ya ƙarewa a tsakaninsu. Wato wasan ya tuna cewa shaiɗanin Faust ɗan ƙa'ida ne. Matsin lambar iyaye da masu wa'azi a Amurka, ciki har da ƙungiyar da Patricia Pulling ta kafa a 1983, ya sa bugu na biyu na 1989 ya cire miyagun ruhohin, aka dawo da su daga baya da sunayen ƙage, tanar'ri da baatezu.

Kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar da Warhammer a 1983, da ɗan'uwansa na sararin samaniya, Warhammer 40,000, a 1987. Littattafai biyu na Realm of Chaos, na 1988 da na 1990, su suka kafa allolin Hargitsi huɗu, suka kuma ari kibau takwas na Moorcock. Sabon abin da suka kawo yana da nauyi: allolin daga zukatan masu rai suke samun ƙarfi. Khorne fushi da zubar da jini ke ciyar da shi, Tzeentch buri da fatan sauyi. Nurgle, ubangidan cuta da ruɓa, ya fi ba ni tsoro, domin mabiyansa suna kiran sa kaka, kuma abin da yake ba su shi ne su daina jin zafin ciwon da ke cinye su. Wanda ya yanke ƙauna ne ke zuwa wurinsa, ya karɓe shi da fara'a. Slaanesh kuwa al'ummar Eldar ce ta haife shi da hannunta, bayan ta nutse cikin holewa har ruhinta ya taru ya zama abin da ya haɗiye ta. Da wannan, hargitsi ya daina zama abin da ya riga halitta, ya koma inuwar abin da halittu ke aikatawa. Laifin ya dawo gida.

Amma dubi yadda aka tsara shi. Kowane alla da lambarsa, Khorne 8, Nurgle 7, Tzeentch 9, Slaanesh 6. Kowane da manyan shaiɗanunsa da ƙanana da dabbobin hawansu. Ko rikiɗar jikin mabiyi, wadda ya kamata ta zama abin da ba a iya hasashe, dogon jadawali aka yi mata, a jefa ɗan jifa mai lambobi irin na ludo a duba abin da ya fito, ƙaho ne ko ƙarin hannu. Fadar Weyer ce aka sake ginawa aka rubuta Hargitsi a ƙofarta.

Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fara a 1994, ya kai wannan karo ƙarshensa. Littafin Chronicle na farko, na 2016, ya zana halitta da ƙarfi shida masu kishiyantar juna: Haske da Inuwa, Rai da Mutuwa, Tsari da Hargitsi. Sihirin Hargitsi shi ne fel, koriyar wuta da ake hura ta da rai. To amma wa ke jagorantar rundunar shaiɗanun? Sargeras ne, wanda asalinsa gwarzon ɓangaren Tsari ne, mai farautar shaiɗanu yana ɗaure su. Ya gano wata barazana daga Inuwa, ya yanke cewa gara a ƙone halitta duka da a bar ta ta faɗa hannunta, sai ya saki fursunoninsa ya mai da su soja. Da ya ga ba su da kan gado, ya nemo al'ummar eredar masu ilmi, ya ɗora Archimonde da Kil'jaeden a kansu. Rundunar Hargitsi ke nan mai janar-janar da jiragen yaƙi da manufa guda. Marubuci Tolkien ya riga ya hango wannan, domin a bayanansa da aka buga cikin Morgoth's Ring ya nuna cewa son tsari da ƙin ruɗani da ɓarna ne mafarin faɗuwar Sauron, mugun labaransa. Shaiɗanu a waɗannan labarai itacen wuta ne kawai. Mai hura wutar kullum wani ne da ya tabbata shi kaɗai ya san yadda za a gyara duniya.

Inda Warcraft ya yi abin kirki shi ne wurin ƙoƙon jini. Matsafi Gul'dan ya tara shugabannin ƙabilun orc ya miƙa musu jinin shaiɗani Mannoroth. Grom Hellscream ya fara sha, idanunsa suka yi ja. Durotan ya hana ƙabilarsa. A Warcraft III na 2002 Grom ya sake sha, wannan karon ya san abin da yake sha, kuma sai da ya ba da ransa wajen kashe Mannoroth kafin mutanensa su kuɓuta. Kasancewar wani ya ƙi sha ita ta sa shan ya zama laifi.

7.0 Mai karatu Bahaushe

Bahaushe yana shigowa wannan adabi da nasa sanin. A aƙidar Musulunci Iblis halitta ne da ya yi tawaye aka yi masa jinkiri, ba kishiyar Mahalicci ba ne, kuma babu wani ƙarfi da ya riga halitta yana jayayya da ita. Aljanu akwai musulmi akwai kafirai, kamar yadda Suratul Jinn ta nuna. Ifiritun da masunci ya tsamo a Dare Dubu da Ɗaya hatimin Annabi Sulaimanu (AS) ne ya tsare shi a tulu. Ko a bori, kamar yadda Fremont Besmer ya rubuta a nazarinsa na 1983, iskoki suna da birninsu, Jangare, mai gidaje goma sha biyu da sarki da fadawa. Gadonmu ya san igiyar yarjejeniya sarai, ya san boka da sharaɗin da ake gindaya wa mai neman duniya. Igiyar hargitsi mai zaman kansa ce baƙuwa. Marubucin Hausa da ya kwafo zubin Warhammer ɗungurungum zai shigo da tunanin iko biyu masu daidai ƙarfi, ko ya lura ko bai lura ba, alhali abin da ya fi ƙarfi a zubin, wato mutumin da ya amsa da bakinsa, yana da shi tun a gida.

8.0 Waɗanda aka haifa a ɓangaren Hargitsi

Haɗin yana da wata illa da ban ga dalilin sassauta magana a kanta ba. Da zarar hargitsi ya zama sansani mai tuta, sai a fara zuba al'ummu a cikinsa tun daga haihuwa. A Dungeons & Dragons na 1974 an jera orc da makamantansu a layin Hargitsi, littattafan dodanni na baya kuma suka riƙa rubuta wa kowane jinsi ɗabi'arsa kusa da tsayinsa da ƙarfinsa. A Warhammer akwai mutane-dabbobi da aka haifa da tambarin Hargitsi a jiki, da ƙabilun arewa da laifinsu shi ne zama kusa da inda ƙofar ta fashe. A nan an yar da abin da ya sa aka yi haɗin tun farko. Faustus ya sa hannu, Elric ya rantse, Grom ya sha. Jaririn orc bai yi ko ɗaya ba, amma ƙa'idar wasa ta halatta jininsa. Mu da aka taɓa rubuta ƙasashenmu a littattafan 'yan mulkin mallaka a matsayin wuraren da ba doka sai an kawo mana ita, ba ma bukatar dogon bayani kan inda irin wannan rabo ke kaiwa.

A watan Yuni na 2020 kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons a yanzu, ya sanar cewa zai riƙa nuna orc da drow a matsayin al'ummu masu zaɓin ɗabi'a kamar kowa, littafin 'yan wasa na 2024 kuma ya sa orc cikin jinsunan da ɗan wasa ke zaɓa tun farko. Tolkien ya yi fama da tambayar tun kafin su. The Silmarillion na 1977 ya kawo ra'ayin cewa orc asalinsu elf ne da mugu Morgoth ya kama ya azabtar har suka lalace, amma marubucin bai natsu da hakan ba, domin in suna da rai da hankali to ƙofar tuba a buɗe take gare su, in kuwa ba su da su to ta yaya suke magana da gardama da ƙin ubangidansu? Ya gwada cewa daga mutane aka samo su, ya gwada cewa dabbobi ne da aka koya wa magana. Ya rasu a 1973 bai tsayar da ɗaya ba, ɗansa Christopher ya buga takardun a 1993 kamar yadda ya same su.